Filastar 'yan ƙwallo: tana maganin ciwon gwiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Gwiwata ta dama tana yi mini ciwo idan zan hau bene ko in tashi daga zaune. Na sayi filasta mai launi irin wadda 'yan ƙwallo ke mannawa, amma kwana ɗaya ta ɓare, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ina na yi kuskure? Kuma tana warkarwa kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan filasta wani ɗan Japan mai suna Kenzo Kase ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970. Auduga ce mai talewa, da gam a bayanta. Tana iya rage ciwo kaɗan na ɗan lokaci har ka samu damar motsa ƙafa, amma ba ta warkar da abin da ya jawo ciwon. Launin kuwa ado ne kawai.

Da alama ka ja ta da yawa ne. Mutane na ɗauka ɗamewa ce aikinta, sai su tale ta har ƙarshe, ita kuma ta riƙa fizgar fata, wani lokacin har ta yi bororo. A tsakiya kaɗai ake ja, kamar kwatan iyakar talewarta. Santimita 5 na farko da na ƙarshe a ɗora su sake, ba ja ko kaɗan.

Ga yadda ake manna ta: wanke wurin ya bushe, kada ka shafa mai, ka rage gashi da almakashi. Yanki guda biyu, kowanne kamar santimita 25, ka yanke tsinin kusurwoyinsu don kada wando ya kama su. Lanƙwasa gwiwa kamar kana zaune kan kujera, ka fara daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ɗaya ya kewaya ta dama ɗaya ta hagu zuwa cinya. Goga da tafin hannu, ɗumi ne ke sa gam ya kama. Bari ta yi kamar awa ɗaya kafin wanka ko motsa jiki.

Takan yi kwana 3 zuwa 5. Wajen cirewa ka shafa mai, ka danne fata, ka bi kwancin gashi a hankali.

Yanzu dai jira jan nan ya washe, sannan ka gwada ɗan guntu a hannu na kwana ɗaya. In ya sake ƙaiƙayi, jikinka ba ya son gam ɗin, ka haƙura da ita. Ba a manna ta kan rauni ko ƙurji, ko ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, ko wadda ciwon suga ya kashe wa ji.

Don Allah ka ga likitan fisiyo, wato mai kula da ciwon gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya koya maka atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu, domin su ne suka fi taimakon irin wannan ciwo. In gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, ko tana ƙagewa, kada ka jira.