Farin Jini, Kwantai da Zango: Amsar Wasiƙun Masu Kallon Talabijin

Wasiƙun wannan mako a kan talabijin suka taru, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce an daina nuna wani shiri da suke so, wai don ba shi da farin jini. Na ce to ai ku kuna son sa. Mene ne ainihin farin jini, kuma da wane mudu ake auna shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanen naka ya ajiye kalma a inda ba gurbinta ba. Farin jini baiwa ce: mutum ya shigo wuri zukata su karkata gare shi, ba tare da ya ba kowa ko sisi ba. Kishiyarsa baƙin jini, wanda mai shi ko alheri ya yi sai an ga laifinsa. Akwai yawan jama'a a cikin ma'anar, amma so ne ginshiƙinta. Ita kuwa tasha ba ruwanta da ko kana son shiri. Abin da take son sani shi ne, ka kunna ko ba ka kunna ba? Mai kallo yana tsaki da mai kallo yana hawaye, duk ɗaya suke a lissafinta. Kalmar da ta dace ta 'yan kasuwa ce: shirin ya yi kwantai. Kwantai su ne kayan da aka kasa har kasuwa ta watse ba a saye ba, suka kwana hannun mai su. Kowa ya san kaya sukan yi kwantai ba don sun rasa kyau ba.

Mudun kuwa yana hannun kamfanin Nielsen, wanda Arthur Nielsen ya kafa a Chicago a 1923. Daga baya ya shiga auna masu sauraron rediyo, a 1950 kuma ya shiga talabijin. Sai dai a lura, abin da yake yi ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Ƙidaya ita ce a bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka bi gidaje a ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006. Ƙiyasi kuwa a ɗebi kaɗan a yanke hukunci a kan mai yawa, kamar yadda mai sayen hatsi a Dawanau yake soka buhu ya duba 'yan ƙwayoyin da suka zubo a tafin hannunsa, ya ce ga farashin da zai biya. Amurka tana da gidaje masu talabijin sama da miliyan 120, amma waɗanda Nielsen ya zaɓa ya sa wa na'ura wajen dubu 40 ne. A da har littafi ake raba wa gidaje su riƙa rubuta abin da suka kalla. A 1987 aka shigo da na'urar da kowane ɗan gida yake da nasa maɓalli, ya danna in ya zauna kallo, don a san mace ce ko namiji, yaro ne ko dattijo.

Alƙaluma biyu ake fitarwa, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. A ce gari yana da gida 100 masu talabijin, a daren nan 40 ne suka kunna, 10 daga cikinsu suna kallon shirinka. Ka samu kashi 10 cikin ɗari na dukkan gidajen, amma kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka kunna. Na farko yana nuna girman taron da ka tara, na biyu yana nuna yadda ka kaya da sauran tashoshi a wannan sa'ar. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na'urar Nielsen ido ce, ba mudu ba: kowane gida da aka zaɓa yana magana da bakin gidaje wajen 3,000. A wannan tsari na zaɓaɓɓun gidaje, in gidan ƙanenka da na abokansa ba sa cikinsu, ko sun kwana gaban akwatin, wasu ne suke yi musu shaida.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce ta ji wani mai sharhi a rediyo ya ce tashoshi "sun ci ladan kuturu", ba ta gane inda ya dosa ba.

'Yar'uwa, rabin karin maganar ya faɗa. Cikonta shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A da wanzamai suna gudun aske mai wannan lalura don tsoron ɗauka (yau cutar tana da magani, kuma karin maganar ba ta ba kowa damar ƙyamar mai ita ba). Wanzamin da ya riga ya karɓi kuɗin, ba shi da sauran uzuri. Ma'ana, in ka karɓi abin hannun mutum, ka ɗaure kanka da buƙatarsa, ko ranka yana so ko ba ya so.

Mai sharhin ya yi daidai. Manyan tashoshin Amurka, ABC da CBS da NBC da Fox, ba mai kallo ne yake biyan su kai tsaye ba, sun dogara sosai da masu talla. Duk watan Mayu sukan tara kamfanonin talla a New York su baje shirye-shiryen shekara mai zuwa, su sayar da guraben talla tun kafin a fara nunawa. A daidai wannan lokaci ne akasarin shirye-shirye suke sanin makomarsu. Su kuma masu talla ba kowane ido suke saye ba. Sun fi kwaɗayin 'yan shekara 18 zuwa 49, bisa tunanin cewa dattijo ya riga ya zaɓi sabulunsa da motarsa, da wuya talla ta sauya masa ra'ayi. Ni dai ban gamsu da wannan tunani ba, don sau da yawa kuɗin yana aljihun dattijon, amma a kansa aka gina kasuwar. A 1971 CBS ta soke jerin shirye-shiryenta masu labarin mutanen karkara, cikinsu har da Mayberry R.F.D. da Hee Haw, waɗanda suke cikin shirye-shirye 20 da aka fi kallo a ƙasar. Laifinsu kawai, masu kallonsu sun manyanta kuma ba 'yan birni ba ne. A nan sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba. Hee Haw bai mutu ba, ya koma ana sayar da shi kai tsaye ga ƙananan tashoshin garuruwa, ya ƙara shekara sama da 20.

Wani matashi daga Zariya ya tambaya: in masoyan shiri suka tayar da ƙura bayan an soke shi, "ihu bayan hari" ne, ko kuwa "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare"?

Ɗana, kowace da wurin zamanta. Ta farko tana zargin makara: mahara sun kwashe dukiya sun wuce, sannan aka fara kururuwa. Ta biyu tana yabon mai amana, wanda bai janye hannu ba da daɗi ya ƙare. Wani lokaci ihun yana maido da kaya. A 1968 masoyan Star Trek suka yi wa NBC ruwan wasiƙu, aka ƙara masa shekara guda, amma aka kai shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida, a 1969 aka soke shi. Sai da aka riƙa maimaita shi a ƙananan tashoshi sannan ya yi tashe. A 2007 da CBS ta soke Jericho, masoyansa suka aika wa ofishinta gyaɗa da danginta kusan tan 20. Aka dawo da shi da kashi 7 a 2008, masu kallo ba su ƙaru ba, aka sake rufe shi. Masu aika gyaɗar maciya tuwo ne na gaskiya, ba su dai kai yawan da za a ɗora musu tukunya ba.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Kumasi: me ya haɗa unguwarsu ta Zango da "shiri mai dogon zango" da yake ji a bakin jikokinsa?

Baba, tushensu ɗaya. Zango shi ne masaukin ayari, inda fatake suke sauke kaya su huta, shi ya sa ake cewa an yada zango. Fataken goro da suka zauna a irin waɗannan masaukai a ƙasar Gonja da Asante su suka bar wa unguwanninku sunan. Kalmar kuma tana nufin tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, a nan masu shirya wasanni irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 suka samo ta: a yi tafiya mai tsawo, a sauka, a ga ko akwai guzurin zango na gaba. A YouTube, inda da yawa daga cikin wasannin Hausa suke yanzu, adadin waɗanda suka kalla yana rubuce ƙarƙashin kowane kashi, mai shiri da mai talla da jikokinka duk lamba ɗaya suke gani.