Amsa ga mahaifin da ɗansa ke son tuƙa jirgin soja

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce yaronka zai gama sakandare bana, ya dage sai ya zama matuƙin jirgin soja kamar Sadique Abubakar, tsohon Babban Hafsan Sojin Sama na Najeriya, kana tambayar ta ina ake farawa. Ni ban taɓa tuƙi ba, amma na shekara sama da ashirin ina gyaran injin jiragen a Kaduna da Kano kafin na yi ritaya.

Ƙofar da aka fi bi ita ce NDA ta Kaduna, wato makarantar horar da hafsoshin soja, ta hanyar JAMB, sai jarrabawar tantancewa. Ya riƙe lissafi da kimiyya da Turanci hannu bibbiyu. Sai dai ka sani tun yanzu, shiga NDA daban, hawa jirgi daban. Likitoci ne ke fara tacewa: ido, kunne, zuciya, hawan jini. Akwai yaran da ba sa rarrabe ja da kore sosai, su kansu ba su sani ba sai ranar gwaji.

Ba na manta wani matashin hafsa da na tarar zaune a ƙarƙashin fiffike da yamma, hularsa a hannu, hawaye na zuba. Duk tashin da aka yi da shi sai ya yi amai, har malamansa suka haƙura. Ga ilimi, ga ladabi, jiki ne kawai ya ƙi. Na ba shi ruwa, na rasa abin faɗa. Daga baya aka mayar da shi sashen kula da zirga-zirgar jirage, kuma wallahi ya yi fice a can.

Waɗanda suka tsallake sukan fara da ƙananan jirage a Kaduna, daga nan wasu su wuce Kano su hau jirgin koyo L-39, wasu Inugu don jirgi mai saukar ungulu.

Shi Sadique da yaron ke kallo, haifaffen Azare ne a 1960, ya shiga aikin a 1979, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne. Sai a Yulin 2015 ya zama Babban Hafsan Sojin Sama, wato bayan shekara 36 ana ta yi masa sauyin wurin aiki da kwasa-kwasai, ya sauka a Janairun 2021. A zamaninsa aka kafa rundunar ayyuka na musamman a Bauchi, aka kuma ƙulla cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano 12 da suka iso bayan ya tafi. Ka gaya wa yaron wannan adadin shekarun, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Mahaifiyarsa ma kada a ɓoye mata haɗarin. Kanar Shittu Alao yana shugabancin rundunar sojin sama ya rasu a haɗarin jirgi a 1969, kuma ni kaina na sha ɗaure wa matuƙi bel da hannuna ina addu'a a zuci har ya dawo.

Kafin ku sayi fom, kai shi asibitin ido a gwada masa ganin launi da ganin nesa. Allah Ya yi masa jagora.