Harafin X da ma'anoninsa a Turanci

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa X ke da ma'anoni barkatai a Turanci, alhali bokonmu na Hausa ko amfani da shi ba ya yi.

Furucinsa ma kala-kala ne. A "box" ana faɗinsa ks, a "exam" ya koma gz, idan ya zo farkon kalma kamar Xerox sai ya zama z.

Ma'anar da ta fi taɓa ni ita ce ta abin da ba a sani ba. Descartes, Bafaranshe, shi ya yaɗa sa x a lissafi a 1637. Da Röntgen Bajamushe ya gano wani haske a 1895, bai san ko mene ne ba, sai ya kira shi X, wanda da shi ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti yau. Malcolm X kuma, ɗan gwagwarmayar baƙar fata a Amurka, ya yar da sunan gidansu Little, sunan masu bayi, ya sa X a gurbin sunan kakanninsa na Afirka da bauta ta shafe.

A lambobin Romawa goma ne. Malami kan zana shi da jan biro a kan amsar da aka kuskure. A 2023 Twitter ma ta koma X.