Wuta ta ci, ruwa ya ci: in jinginar da gida in cika shago?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Monday ta Maiduguri. Gobarar Fabrairun 2023 ta cinye shagona. Na lallaɓa na miƙe, sai ga ambaliyar Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ta lalata abin da na sake tarawa. Ubangidana na Kantin Kwari yana bi na ragowar kuɗi, har na daina ɗaukar wayarsa. Wani ya ce zai ba ni bashi mai kauri in na jinginar da gidana. In karɓa? Ko barcin kirki ba na yi.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Gidan nan kada ka taɓa shi.

Na san abin da ke cin ka. Ka saba mai wucewa ya ga shadda jere har rufi, yau kuwa kanta biyu ce da kaya, sauran ƙura. Kunyar maƙwabta ce take tura ka wurin mai bashi, kuma ita kunya ba ta iya lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. Ke nan shagon da kake mafarkin dawowa da shi kuɗinsa ya ninka, masu saye kuma aljihunsu ya yi sanyi. Wanda da yake yanka turmi uku da salla, yanzu ɗaya yake taya wa. In ka cika shago da kuɗin jingina kaya suka kwanta, wata na ƙarewa mai bashi zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne wayar da ba ka ɗauka. Bashi hanji ne, ubangidanka ma ya sani, kuma ya ji labarin gobarar da ambaliyar. Shirunka ne zai sa ya fara zargi. Shiga mota ka je Kano, ka zauna a gabansa da littafinka: ga abin da ake bi na, ga abin da ya tsira, ga abin da zan iya kawowa duk mako. Ko kaɗan ne, kada ka saɓa. 'Yan Kwari da yawa sun fi son mai biya da kaɗan-kaɗan a kan wanda ya ɓace, kuma ta nan ake sake sakar wa mutum kaya. Ina kyautata zaton daren da ka dawo daga tafiyar za ka yi barci.

Sai ka fara da abin da ke saurin fita, ka bar mai tsada sai an yi oda. Raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kullum. Kada ka sake tara duk kayanka a rufi ɗaya, rabi a shago, rabi a sito can wata unguwa mai tudu. Littafin bashi kuma ka riƙa ɗaukar hotonsa a waya, don masu ci maka kuɗi sukan yi mantuwa in takarda ta ƙone.

In ka ɗan farfaɗo, tambayi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, nawa za ka riƙa zubawa a shekara. Kafin ka sa hannu, a nuna maka a rubuce cewa har da ambaliya a ciki, don wata takardar gobara kaɗai ta ɗauka.