Likita Na Amsawa: Shin Gwajin Jini Na Nuna Lalacewar Gaɓɓai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata na fama da amosanin gaɓɓai, tana shan methotrexate. An yi mata gwajin jini, aka ce ALT ɗinta ya hau. Gaɓɓanta ne ke cinyewa? Daga wata mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. ALT ba ruwansa da gaɓɓai, sinadarin hanta ne, kuma saboda maganin ake auna shi. Methotrexate kan taɓa hanta, shi ya sa ake gwajin bayan sati 2 zuwa 4 a farko, daga baya duk wata 2 ko 3. Idan ALT ya wuce ninki uku na ƙa'ida, likita kan dakatar da maganin. Ki bincika yadda take sha: sau ɗaya ne a sati, ba kullum ba, wannan kuskuren na kisa. Tana haɗawa da folic acid, ƙwayar bitamin da ke rage illar maganin? An duba mata ciwon hanta nau'in B? Tana shan jiƙe-jiƙe? Duk ki faɗa wa likitanta.

Sinadarin da ke da alaƙa da gaɓa shi ne MMP-3. Tantanin da ya lulluɓe gaɓa ne ke fitar da shi idan ya kumbura, shi kuma sai ya riƙa narkar da guringuntsi. Yawansa a jini kan nuna cutar na ci, har a Japan ana auna shi a asibitoci. Sai dai prednisolone, wanda mutanenmu ke saye a kemis babu takardar likita, yana ɗaga shi, raunin ƙoda ma haka, kuma na maza ya fi na mata ko da lafiyarsu lau. Ni dai ba zan ce ku wahala wajen nemansa ba.

Gwaje-gwajen jini na ESR da CRP zafin cutar suke nunawa, amma zazzaɓin cizon sauro kan ɗaga CRP, ƙarancin jini ko tarin fuka kuma ESR. Anti-CCP, shi ma gwajin jini ne, idan ya yi yawa yana nuna cutar na iya cin ƙashi.

Ɓarnar da ta riga ta auku kuwa, hoton ƙashin hannuwa da ƙafafu ne ke nuna ta. A ɗauka yanzu, a adana, a kwatanta da na baɗi. Idan yatsunta na sandarewa fiye da rabin awa da safe, ko suna kumbura, ku koma asibiti da takardun gwajin duka, tsofaffi da sababbi.