Tambayi Likita: An ce gishiri ne ya hana 'yata al'ada

Tambaya: Likita, al'adata sai bayan kwana 33 take zuwa, ƙawayena kuwa duk wata cif. Da matsala?

Amsa: Babu. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya lau ne. Ki fara ƙirga daga ranar da kika fara ganin jini, ba ranar da kika yi wanka ba.

Tambaya: Shekara guda ke nan da aurena, ban samu ciki ba. Yaushe ƙwai ke fita?

Amsa: Kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Mai kwana 28 wajen rana ta 14, mai 33 wajen ta 19. Alamarsa farin ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Ƙwan ba ya wuce kwana guda, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikin mace. Tunda an cika shekara, ku je asibiti ke da maigida, a gwada ku duka biyun.

Tambaya: 'Yata shekararta 16, ta yi ƙirji amma ba ta taɓa ganin al'ada ba. Duk wata tana kwana biyu ko uku tana murƙususun ciwon mara. Kakarta ta ce gishiri ne, a kira wanzami ya yanka.

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada a bari aska ta taɓa yarinyar nan. Bari in yi miki bayani dalla-dalla, ki samu abin faɗa wa kakarta cikin ladabi.

Mahaifa tana cikin mara, girmanta bai kai dunƙulen hannu ba. Daga samanta bututu biyu suka fita, dama da hagu, kowanne kamar santimita 10, suna nufar ma'ajiyar ƙwai guda biyu masu girman dabino. Duk wata mahaifa kan yi shimfiɗa a cikinta don tarbar ciki. In ba a samu ba, shimfiɗar ta saɓule, ta bi ta bakin mahaifa ta fita ta farji. Jinin haila ke nan.

Yarinyar da ta yi ƙirji, ga ciwon mara duk wata, ga shi ba jini, abin da muka fara zato shi ne haila tana zuwa amma ta rasa mafita. Akan haifi wasu da tantanin budurci a rufe ruf, sai jinin ya yi ta taruwa, mara ta kumbura, wani lokaci har fitsari ya ƙi fita. Sikanin zai nuna, aikin kuma ƙarami ne a hannun likitan mata, da allurar kashe zafi da tsabtatattun kayan aiki. In ba wannan ba ne, za a duba sikila, rashin abinci mai gina jiki da sinadaran jiki. Duk yarinyar da ta kai 15 ba ta fara ba, ya kamata a duba ta.

To ina wanzami yake yanka? Bangon farji na gaba, kuma daf da bayansa mafitsara take da hanyar fitsari, ba abin da ya raba su sai ɗan siririn nama. Yana yanka ne bai ga abin da ke ciki ba. Aska ta ɗan zarce, shi ke nan fitsari ya dinga zuba dare da rana, zane a jiƙe, tabarma a jiƙe. Yoyon fitsarin da ake ɗinkewa a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina, wani daga naƙuda mai tsawo yake, wani daga yankan gishiri. Ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta, ga tabon da zai ƙara toshe wurin. Raina na ɓaci ƙwarai da wannan al'ada. Babu wata cuta a jikin mace da ake warkarwa da wannan yanka. Ki kai ta asibiti a wannan makon, in fitsari ya tsaya kuwa, yau ɗin nan.

Tambaya: Al'adata ta yi jinkirin sati uku, an ce in sha jiƙon jar kanwa ko in yi matsi da ita.

Amsa: Kul! Matsin kanwa yana ƙona fatar ciki, ta warke da tabo har wurin ya tsuke. Ki fara yin gwajin ciki. In ya nuna akwai, ga ciwo a gefe guda na mara ko jiri, ki garzaya asibiti, don ciki kan zauna a bututu ya fashe.

Tambaya: Nakan yi kwana 9 ina jini, da gudaji, ina canza auduga kusan duk awa.

Amsa: Ya yi yawa, malama. Ƙa'ida kada ya wuce kwana 7. Ki je a auna yawan jininki, a yi sikanin ko ƙari ne a mahaifa. Kada ki jira sai kin faɗi.

Tambaya: Mahaifiyata ta shekara 3 da daina al'ada, yanzu ta dawo mata.

Amsa: Ba al'ada ba ce. Jini bayan an shekara da dainawa, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa da bakinta saboda sankara. Ku kai Inna gobe, kada kunya ta hana.