Amsa ga 'yar'uwar da za ta raka ƙanwarta kurma awo

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙanwarki kurma ce, ga cikin fari, kuma kina fargabar yadda za su fahimci juna da malaman asibiti. Ni yayata ce kurma, ciki uku ina raka ta awo a ƙaramin asibitin unguwarmu a Kano.

Matsalar tun daga layi take farawa. Da baki ake kiran suna. Ranar da ta taɓa zuwa ita kaɗai, tun bakwai na safe tana kan benci da katinta a hannu har aka kira azahar, an kira ta sau uku ba ta sani ba. Don haka ki sa mai ba da kati ya rubuta a saman katin cewa ba ta ji, a riƙa yafito ta da hannu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a ɗakin awo. Malamar ni take kallo, ni take tambaya: "Tana jin motsi? Tana zubar ruwa?" Mai cikin tana kwance kamar ba jikinta ake magana a kai ba. Ni ma na yi kuskure, ina amsawa da ka don a sallame mu da wuri. Ashe Yaya ta yi kwanaki tana ganin ɗigon jini, kunyata ta hana ta faɗa, ni ƙanwar bayanta. Daga nan na daina amsa mata. Nakan ce, "Malama, ki dube ta, ki sauke takunkumi ta ga bakinki, ni zan mayar miki." Tambayar da ta shafi tsiraici kuwa, gara a samo babbar macen da ta saba da ita.

Ki kuma lura da wace magana take yi. Maganar hannu ta gida daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano, mai tushe daga ta Amurka. An taɓa haɗa mu da tafinta, Yaya ba ta gane rabin abin da yake nunawa ba. Rubutu ma ba kowane kurma yake yi wa amfani ba.

Kada ki ji kamar alfarma kike roƙo. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar magana da irin su.

Wajen karɓar magani, a zana mata rana da wata a jikin leda, sannan ta nuna da hannunta yadda za ta sha. Gyaɗa kai ba shaida ba ce, Yaya takan gyaɗa don kada ta ba mutane wahala. Tun yanzu ku tsayar da alamar jini, ta ciwon kai mai tsanani, da ta naƙuda, ki koya wa mijinta, don naƙudar Yaya da tsakar dare ta zo ba na nan. Allah Ya raba lafiya.